Jakara: Abin da Ke Sa Allon Laftof Ɗaukewa Ana Tsaka da Kallo

Wanda ya biyo ta Jakara bayan la'asar, lokacin da 'yan Kurmi suka fara haɗa kaya, zai ga wata sana'a da ba ta buƙatar shago. Ɗan tebur ne da lema da benci, sai laftof a buɗe, igiyoyi sun zubo daga jikinta kamar saiwar ceɗiya. Samari na tsaye, ga yaran da matan aure suka aiko da waya ko memori a ƙulle cikin leda, kowa na jiran a tura masa Labarina ko Izzar So, ko fassarar Algaita, ko karatun wani malami. Su ne 'yan dawunlodin. Jarinsu duka bai wuce wannan kwamfutar da rumbun ajiyar da ke maƙale da ita ba. Ranar da ta yi tari, tukunyar wani gida ba za ta hau murhu ba.

Ɗan ƙanwata yana cikinsu. A bazarar da ta wuce ya same ni da kwamfutarsa a jaka, ransa a ɓace. Ƙa'idar sana'ar ita ce mai saye ya ga hoton kafin ya biya, don ya tabbata ba dishi-dishi za a tura masa ba. To, da zarar ya kunna fim, sai allon ya yi baƙi ƙirin na kamar daƙiƙa biyu, murya na ci gaba da tafiya, sannan hoton ya dawo. Wani lokaci kore shar zai rufe fuskar jarumi. Wani lokacin kuma hoton ya riƙa ɗingishi, baki ya rabu da magana. Mai saye ba ya tsayawa bincike, cewa yake fim ɗin ne ba shi da kyau, ya wuce teburin gaba.

Sau biyu aka yi wa kwamfutar fomatin, aka ce bairos ne. Da abin ya ƙi, wani mai gyara ya ce sai an buɗe an gasa cif ɗin hoto.

"Kawu, ni dai na gaji," in ji shi. "Sayar da ita zan yi ko da faɗuwa."

Na ce ya bar mini ita kwana biyu. Abin da na gano bai shafe shi shi kaɗai ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya

Yawancin masu irin wannan laftof ba su san injin hoto biyu ke cikinta ba. Na farko ƙarami ne, yana zaune cikin furosesa, yana aron memorin kwamfutar ya yi aikinsa, ba ya shan wuta sosai. Na biyu cif ne mai zaman kansa a kan bod, na kamfanin Nvidia ko AMD, da memorinsa na kansa, da ƙarfinsa, da zafinsa. Shi ne wanda 'yan kasuwa a Beirut Road da Farm Centre ke ɗaga murya a kansa idan suna ciniki: wannan dediketed ce, gigabait biyu. Da wannan kalmar kaɗai farashi ke tashi.

Dalilin haɗa su biyu batir ne. Babban inji in aka bar shi a kunne, batirin da ya kamata ya kai awa biyar ba zai kai rabin haka ba. Sai masu ƙira suka ce a bar ƙaramin ya riƙa aikin yau da kullum, babban ya yi barci, sai an zo aiki mai nauyi a tashe shi. A laftof na wajajen 2008 da 2009 wani makunni ne a kan bod yake cire allon daga hannun wannan ya miƙa wa wancan, kuma duk lokacin da aka yi miƙon dole allon ya ɗauke na ɗan lokaci. A tsarin AMD na wancan zamani, mai suna PowerXpress, cire caja ko mayar da ita kaɗai kan sa a yi wannan musanya.

A watan Fabrairun 2010 Nvidia ta fito da wata dabara da ta kira Optimus, daga baya AMD ta bi sahu da irin tata. A nan aka jefar da makunnin. Allon yana ɗaure da ƙaramin inji har kullum. Babban in ya tashi, sai ya zana hoton, ya turo wa ƙaramin, shi kuma ya kai allo.

Duk wanda ya san Kurmi ya san wannan tsari tun kafin a ƙera kwamfuta. Kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an tsara lungunanta ne don mutum da jaki. Babbar mota komai ƙarfinta a bakin titi take tsayawa, a sauke kaya, ɗan dako ya ɗauka a ka ko a baro ya ratsa lungu ya kai rumfa. Babban injin hoto shi ne motar, ƙaramin shi ne ɗan dakon. Mota ba ta taɓa shiga lungu. Idan kayan ƙulli ɗaya ne da ɗan dako zai iya ɗaukowa da kansa tun daga tushe, kiran mota ɓata lokaci ne da ɓarnar mai, ga kuma jiran saukewa da lodawa a bakin titi, inda kaya suka fi ɓacewa.

Kallon fim ƙulli ɗaya ne. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe.

Bidiyo a matse yake zuwa, kamar auduga da aka danne a buhu, kuma warware shi ba aikin ƙarfi ba ne, aikin wani ɗan sashe ne na musamman da aka gina cikin cif. Tun Janairun 2011, da furosesa zubi na biyu, Intel ta sa wa nata sashen suna Quick Sync, kuma tana ƙara masa iyawa zubi bayan zubi. Zubi na shida, na 2015, ya iya warware tsarin matsa bidiyo na HEVC. Zubi na bakwai ya ƙara da HEVC mai zurfin launi da kuma VP9, wanda YouTube ke yawan amfani da shi. Zubi na 11, na 2020, ya kawo AV1. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, cif ɗin Nvidia masu araha irin 940MX da MX130, waɗanda suka cika laftof na hannu da ake shigowa da su, ba su da cikakken sashen warware HEVC. Ƙaramin injin Intel da ke zaune kusa da su a cikin kwamfuta ɗaya ya fi su iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi dediketed don kallo da tura fim, kallon kitse ya yi wa rogo.

Kuma ga inda aka fi yin kuskure. Mutum ya sayi abu da tsada, yana so ya ga yana aiki. Sai ya shiga Nvidia Control Panel, ko wani aboki ya shigar masa, a zaɓi babban inji ya zama shi ne na kowane aiki. Daga ranar, kowane fim sai an tashi babban daga barci, a miƙa masa, ya turo wa ƙarami, hoto 25 ko 30 cikin kowace daƙiƙa. An dakata da fim, ya koma barci. An ci gaba, a sake tashinsa. An faɗaɗa hoto ya cika allo, a sake shiri. A kowace gaɓa akwai damar tuntuɓe. Haka na tarar da kwamfutar ɗan ƙanwata.

Wutar da aka ƙera ta dominta

Injiniyoyin da suka tsara wannan musanya sun yi ta ne da tunanin mutumin da ke cire caja sau ɗaya ko biyu a rana, da ganin damarsa. Ba su yi lissafin tebur a Jakara ba, inda za a ɗauke wuta, a tashi janareta, a kawo wuta, a kashe janareta, wayar da aka jawo daga maƙwabta ta motsa don wani ya taka ta. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da yawa sun koma ƙaramar sola da inbata, wadda ita ma tana da nata numfashin idan rana ta yi sanyi.

Ita kwamfuta ba ta san an ɗauke wuta ba. Abin da ta sani shi ne an cire caja, don haka sai ta shiga tsimi. Babban inji ya rage gudu. Windows ta koma tsarin lallaɓa batir, har da rage ingancin bidiyo. Wasu alluna kan sauya saurin sabunta hoto, abin da ke sa su ƙifta. Intel na da wata dabarar rage haske gwargwadon duhun abin da ke kan allo, AMD ma na da irinta mai suna Vari-Bright, shi ya sa wani lokaci za ka ga fim yana haske yana dusashewa da kansa idan ana kan batir. Duk wannan a cikin daƙiƙa guda, ana tsakiyar fim. In kuma batirin ya riga ya mutu, kamar yadda yake a laftof na hannu da yawa, babu ma abin da zai tare faɗuwar.

Sai maganar caja, wadda a ganina ita ce aka fi raina wa. Laftof mai inji ɗaya takan wadatu da caja mai wat 45 ko 65. Mai inji biyu takan so 90, manyan ma 130 ko fiye. Misali Dell Latitude E6420 da E6430, waɗanda suka yi yawa a kasuwanninmu: mai ɗauke da cif ɗin Nvidia da caja mai wat 90 aka fito da ita. Amma kwamfutar kwantena daban take zuwa, caja daban, mai shago ya ɗauko duk wadda bakinta ya shiga ya haɗa maka. Cajojin Dell da na HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Allurar ta karye, ko cajar jabu ce, sai kwamfuta ta ƙi yarda da ita, ta rage wa kanta gudu, wani lokaci ta ƙi cajin batir ɗungurungum. Tana faɗa ma, da rubutu, lokacin da ake kunna ta. Mutane sun saba danna maɓalli su wuce ba su karanta ba.

Ka haɗa hoton: ana kallo lafiya da ƙaramin inji, wani abu ya tashi babban, ya nemi wutar da cajar ba ta da ita. Dole wani abu ya ba da kai.

Zafi kuma ba sai an yi dogon bayani ga Bakano ba. A Afrilu ma'auni kan kai digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige tun Disamba ta yi ƙunshi a bakin fanka. Jakara dai tun da can wurin ruwa ne, Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta labarin tafkinta, amma wanda ya zauna bakin hanya a yau, kusa da aikin titin Wuju-Wuju da aka faro a zangon mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, ƙura ya sani. A yawancin laftof bututun tagulla ɗaya ne ke kwashe zafin furosesa da na babban inji zuwa fanka ɗaya. Babban ya tashi, zafinsa ya hau kan na furosesa, ita kuma da ta doshi digiri 100 sai ta ja birki don kada ta ƙone. Alamar wannan a bayyane take: minti goma ko ashirin na farko lafiya lau, sannan ɗingishi ya fara.

Daƙiƙa biyun nan

Baƙin allo na daƙiƙa biyu da ɗan ƙanwata ya kwatanta yana da dalilinsa. Tun zamanin Windows Vista akwai wani mai gadi a cikin tsarin: idan injin hoto ya yi shiru bai amsa ba har daƙiƙa biyu, Windows kan kashe direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ta sake tayar da shi, maimakon kwamfutar duka ta sandare. Murya na ci gaba saboda ita ba ta wannan hanyar take bi ba. Kuma duk lokacin da haka ta faru ana rubuta shi a kundin Event Viewer da lamba 4101, tare da sunan direban da ya suma. In na Nvidia ne za ka ga nvlddmkm, na Intel kuma sunansa kan fara da igfx. Shaida ce a rubuce, tana zaune tana jiran mai dubawa. Fomatin ba ya karanta ta, goge ta yake yi.

Ga kuma abin da ya sa fomatin kan ƙara dagula lamarin. Musanyar nan aikin haɗin gwiwa ne tsakanin direbobi biyu na kamfanoni biyu da ba su shirya da juna ba, sai mai ƙera laftof ɗin ya gwada su tare ya fitar da waɗanda suka jitu. Mai sa Windows a kasuwa yana da kwamfuta goma a gabansa, fulash ɗaya gare shi mai tarin direbobi, ya danna ya bar shi ya zuba duk abin da ya samu. Sai a wayi gari direban Intel na wata shekara, na Nvidia na wata, Windows kuma da ta ga intanet ta sauko da na uku ta ɗora a kai. A tsofaffin laftof masu Intel haɗe da AMD abin ya fi tsanani, domin da yawansu direba ɗaya ne dunƙulalle daga mai ƙera kwamfutar, in ka sa na waje musanyar ta lalace. An bar jaki ana dukan taiki: laifin na direba, bairos ake zagi.

Ba na ganin laifin yaran da ke wannan aiki kamar yadda nake ganin gazawar yadda aka koya musu. Sun koya a tsaye, daga wani da shi ma a tsaye ya koya, kuma mai kaya ba ya biyan kuɗin bincike, kuɗin fomatin yake biya. Wanda zai zauna awa guda yana karanta kundi ba zai ci abinci ba a wannan farashin. In muna son gyara na ƙwarai, sai mun yarda mu biya mutum don ya duba, ko da a ƙarshe bai kwance ko noti ɗaya ba.

Yadda na bi ta

Ban fara da taɓa komai ba. Kallo na fara yi. Na kunna fim, na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Tun ƙarshen 2017 Windows 10 ke nuna injinan hoto a nan, GPU 0 da GPU 1, kowanne da sunansa da jadawalin aikinsa, har da wani layi mai suna Video Decode, wanda shi ne sashen warware bidiyo. Abu uku mutum zai iya gani. In layin nan yana motsi a ƙarƙashin Intel, babban inji kuma yana kwance a sifili, komai na kan hanya. In babban ne ke ta tashi yana faɗuwa, to musanyar ce. In kuwa duka biyun shiru, furosesa ce ta haye 90 cikin 100, to matsalar ba ta musanya ba ce sam.

Wannan na uku ya cancanci a tsaya a kansa, don yana yawa a teburin 'yan dawunlodin. Saboda tsadar data, kowa ya fi son fim mai ƙaramin nauyi, irin wanda ake rubuta x265 a sunansa, wato HEVC. Wayoyin iPhone ma tun 2017 da shi suke ɗaukar bidiyo. Laftof zubi na uku ko na huɗu, na 2012 da 2013, an ƙera ta kafin wannan tsari ya yaɗu, ba ta da cikakken sashen warware shi a ko wanne inji. Sai furosesa ta ɗauki kayan a ka. Babu saitin da zai gyara wannan. Mafita ita ce a nemi fim ɗin a tsarin H.264, wanda ya fito tun 2003 kuma kusan kowace laftof da ke yawo a yau ta iya shi. Mai kallon YouTube a irin wannan kwamfuta akwai ɗan ƙarin burauza mai suna h264ify da ke tilasta a aiko masa da tsohon tsarin.

Matsalar kwamfutar ɗan ƙanwata ta biyun ce, wato musanyar. Sai na ɗaure manhajar kallo a kan ƙaramin inji. A da a Nvidia Control Panel ake yin haka, amma tun 2018 Windows 10 ta kawo nata wurin, a saitin allo, ƙarƙashin Graphics, kuma daga 2020 zaɓin Windows ne ke rinjaye idan suka saɓa. Mutane da yawa suna gyarawa a wurin Nvidia su ga babu canji, dalilin ke nan. Na ƙara VLC a jerin, na ba ta zaɓin tsimin wuta, na yi wa Chrome haka. Na koma wurin Nvidia na mayar da zaɓin gaba ɗaya kan atomatik. Sai an rufe manhaja an sake buɗewa sannan canjin ke kamawa.

Koren allo ya tafi nan take. Ƙiftawar ta ragu amma ba ta ƙare ba, sai na koma kan direbobi. Na cire intanet, na share duka biyun da wata ƙaramar manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, na sa na Intel tukuna, na sake kunna kwamfutar, sannan na sa na babban inji, dukansu daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ba sabbin da suka fi kowanne ba. Jerin yana da muhimmanci: ɗan dako ne ke riƙe da hanyar allo, shi ake fara zaunarwa. A saitin Intel na kashe abu biyu na ɓangaren batir, mai rage haske da kuma mai barin allo ya riƙe hoto da kansa, wanda ake kira Panel Self Refresh, don shi ma sananne ne wajen jawo ƙifce-ƙifce.

Akwai gwaji guda mai sauƙi da kowa zai iya: a kalli fim ɗaya a kan caja, a sake kallonsa a kan batir, sannan a cire cajar ana tsaka da kallo. Wanda ya jawo ciwon a cikin ukun ya nuna maka inda za ka dosa. Da na juya cajarsa na karanta bayanta, wat 65 ce, ƙarƙashin kwamfutar kuma an rubuta tana son 90. Ya kusa shekara da ita a haka.

Mutane kan ba da shawarar a kashe taimakon injin hoto gaba ɗaya a cikin VLC ko burauza. Yana aiki, ƙiftawa takan tsaya, amma ka ɗora wa furosesa dukan kayan, ga zafi ga cin batir. Gwaji ne mai kyau don gane inda ciwo yake, ba wurin zama ba ne. In allo ya maƙale ana tsaka da ciniki, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare yakan farfaɗo da direban ba sai an kashe kwamfuta ba.

Mai haɗa laftof da talabijin, kamar masu ɗakin kallo ko mai nuna bidiyon biki, shi nasa daban ne. A laftof da yawa na wasanni da na manyan ayyuka, ramin HDMI kai tsaye yake haɗe da babban inji. Da ka soka waya ya farka, kuma ba zai kwanta ba sai ka cire. A nan lissafin ya juye: allon talabijin na hannun babban, don haka a ba shi aikin kallon, a tabbata caja mai ƙarfi ce, a ɗaga bayan kwamfutar iska ta shiga.

Idan cif ɗin ne da gaske

Wani lokaci mai gyaran yana da gaskiya, cif ɗin ne ke mutuwa. Ya faru a duniya, ba a ɓoye ba. A Yulin 2008 Nvidia ta amsa cewa wasu cif ɗinta na laftof suna lalacewa fiye da ƙima, ta ware kusan dala miliyan 200 don gyara da musanya. MacBook Pro na 2011 masu inci 15 da 17 sun yi fama da cif ɗin AMD, har Apple ta buɗe shirin gyara kyauta a Fabrairun 2015. A duka biyun tushen abin ɗaya ne: zafi da sanyi, zafi da sanyi, har haɗin da ke riƙe da cif ya tsattsage. Alamarsa ba ta ɓuya. Layuka a tsaye a kan allo, ɗige-ɗige masu launi, hoto ya rabe biyu, wani lokaci tun kafin Windows ta buɗe.

Gasawa da iska mai zafi kan dawo da shi, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Amma sau da yawa na ɗan lokaci ne, makonni ko 'yan watanni, kuma kowace gasawa tana ƙara raunana bod ɗin da abin da ke kewaye. A yi wa lafiyayyen cif ita kuwa, gyaran gangar Auzinawa ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gasa kwamfuta a kai ta kasuwa da sauri kafin ciwon ya dawo, wani yaro ya tara kuɗin dako ko na koyon ɗinki ya saya. Wannan ba wayo ba ne, cin amana ne, kuma shugabannin kasuwa sun fi kowa sanin masu yi.

Alhali ga hanya mai tsafta ga wanda aikinsa kallo da turawa ne. A laftof da yawa na ofis ana iya sallamar babban inji tun daga BIOS. ThinkPad T420 da T430 suna da zaɓi uku, ciki har da amfani da ƙaramin inji shi kaɗai. Wasu HP suna kiran wannan zaɓi UMA. A lura da Dell irin su E6430: cire alamar Optimus a nan ba ya kashe babban, miƙa masa allon yake yi gaba ɗaya, akasin abin da ake nema. Inda BIOS ba ta ba da dama, ana iya dakatar da cif ɗin a Device Manager, sai dai a wasu kwamfutocin hakan kan bar shi da wuta a jiki ba tare da direban da zai kwantar da shi ba, don haka a saurari fanka a taɓa jikin kwamfutar bayan an yi.

Masu tace fim a Zoo Road, waɗanda ke haɗa launi da sauti a Premiere ko DaVinci Resolve, su babban inji abincinsu ne, ba su da zaɓin sallamarsa. Su ne ya kamata su biya kuɗin dediketed. Ɗan dawunlodin da zai sayi laftof gobe, ya bar wannan kalma ta wuce shi. Ya tambayi zubin furosesa, na bakwai ko sama, na takwas ma ya fi tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa a hukumance. Ya juya caja ya karanta lambar da ke bayanta a gaban mai shago. Ya zo da fim mai x265 a fulash ɗinsa, ya kunna, ya bar shi ya yi minti ashirin.

Ta ɗan ƙanwata an buɗe ta a ƙarshe, amma ba don gasawa ba. An fitar da wani dunƙulen ƙura mai kaurin ɗan yatsa daga bakin fanka, aka goge busasshen man da ke kan cif biyun aka sa sabo, ya sayi caja mai wat 90 da rabin abin da zai biya kuɗin gasawa. Da na bi ta wurinsa bayan Sallah, ya ɗora bayan kwamfutar a kan murafun robar lemo guda biyu, yana tura wa wata yarinya Daɗin Kowa. Aka ɗauke wuta muna gaisawa, hasken allon ya ɗan ragu, fim ɗin da yake gwadawa ya ci gaba da tafiya.